Tambaya da Amsa: Za Mu Kai Yara Tsaunukan Alps a Watan Yuli, Ko Za Su Ga Dusar Ƙanƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malama. Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Jamus da maigidana shekara biyu ke nan. Tun da yaran suka ji abokan karatunsu suna ba da labarin hutun hunturu a tsaunukan Alps, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, suka hana mu sakat. Mun yi lissafin masauki da hayar kayan wasan da kuɗin mai koyarwa a watan Fabrairu, muka ga abin ya fi ƙarfinmu. Maigidana ya ce mu bari sai dogon hutun makaranta, a Yuli ko Agusta. Babbar shekararta 11, mai bi mata 8, autan 4. Fargabata kada mu je su tarar babu ƙanƙara su ce mun yaudare su. Shin tafiyar ta cancanci kuɗinta?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarar maigidanki mai kyau ce, amma da sharaɗin ki zaunar da yaran tun yanzu ki faɗa musu abin da za su tarar. A watan Yuli ƙauyukan da ke gindin tsaunukan kore ne shar, da ciyawa da furanni da shanu masu ƙararrawa a wuya, kuma dusar ƙanƙara ba ta saura sai can ƙololuwa, kusan mita 3,000 zuwa sama. Ki yi musu alkawarin rana ɗaya tak ta ƙanƙara, sauran kwanakin kuma ki gina su a kan abin da bazara ke bayarwa, domin yaron da aka yi wa alkawarin mako guda na zamiya ba zai ga kyawun komai ba idan ya iske ciyawa.

Kada kuma ki ɗauka cewa zuwan bazara ragowar hutun masu hali ne. A tarihi baƙi sun fara zuwa waɗannan tsaunuka ne da bazara. A shekarar 1863 Thomas Cook ya shirya wa Turawan Ingila tafiyarsa ta farko zuwa Suwizalan da bazara, kuma ranar 14 ga Yuli 1865 ne Edward Whymper da abokansa suka fara taka kan tsaunin Matterhorn mai tsayin mita 4,478. Hutun hunturu daga baya ya bunƙasa, har garin Chamonix na Faransa ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Saboda haka yawancin tsofaffin layukan jirgin ƙasa da ke hawa tsaunukan, don masu zuwa irin lokacinku aka fara yin su.

Ranar ƙanƙara ita ce ta fi bukatar tunani. A Suwizalan akwai Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa da ta fi kowace a Turai kasancewa a sama, a mita 3,454, wadda aka buɗe a 1912, kuma daga can ana hangen Aletsch, kogin daskararriyar ƙanƙara mafi girma a Alps. A garin Zermatt na Suwizalan motar igiya, wato ɗan ɗakin fasinja da ke tafiya rataye a jikin igiyar ƙarfe, tana kai mutane mita 3,883, a Hintertux ta Ostiriya kuma ana wasan zamiya kusan duk shekara. A Jamus ɗin da kike akwai tsaunin Zugspitze, mita 2,962, sai dai ƙanƙararsa ta ragu ƙwarai, har a 2022 masana suka daina lissafa ɗaya daga cikin kogunan ƙanƙararsa a matsayin kogi. Wannan raguwar ta shafi yankin baki ɗaya, domin a 2022 da 2023 kaɗai Suwizalan ta rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙanƙarar tsaunukanta, abin da ke sa farkon Yuli ya fi ƙarshen Agusta tabbas ga mai neman farin fili. Tsaunin Aiguille du Midi na Chamonix, mai mita 3,842, ba na ba ki shawararsa saboda autanki, domin motar igiyar tana haura tsayi mai yawa cikin 'yan mintuna, kuma masu kula da wurin ba sa son a hau da ƙananan yara. Kusan duk waɗannan wurare suna da kyamarori da ke nuna halin da ƙololuwa ke ciki kai tsaye a intanet, don haka ki duba da sassafe kafin ki biya kuɗin tikiti mai tsada, kada ku hau ku tarar da gajimare ya rufe komai. Ki sanya wannan rana a tsakiyar hutun, ki bar kwana ɗaya ko biyu bayanta idan yanayi ya ƙi. Ki kuma gaya wa yaran cewa ƙanƙarar bazara jiƙaƙƙiya ce mai tsakuwa-tsakuwa, tana isa a dunƙula a yi jifa ko a zame a kan taya, amma ba ta da laushin ta watan Janairu.

A nan ne nake son ki fi ba ni hankalinki, domin maganar lafiya ce. Zafi yana sauka da kusan digiri 6 da rabi a duk mita 1,000 da aka haura, ta yadda za ku iya barin masauki ana digiri 25 ku isa sama ku tarar bai kai 10 ba, idan iska ta taso kuma a kan ƙanƙara yakan kusanci sifili. Kowane yaro yana bukatar rigar sanyi, rigar da ke tare iska da ruwa, safar hannu, da takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa, tare da safar ƙafa ta canji. Rana kuma ta fi cizo a sama: hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, farar ƙanƙara kuma tana mayar da mafi yawansa zuwa fuska. Duhun fata ba ya kare ido, don haka tabarau na rana dole ne ga kowa, har da autan, tare da man kare fata.

Daga mita 2,500 zuwa sama iskar da ake shaƙa tana raguwa yadda jiki zai ji. Ku kwana biyu ko uku a ƙauyen da ke ƙasa kafin ku hau, ku taƙaita zaman ƙololuwa zuwa awa biyu ko uku, ku hana yaran guje-guje da zarar kun sauka daga jirgi, ku kuma ba su ruwa akai-akai. Manyan biyu za su iya cewa kansu na ciwo, amma ɗan shekara huɗu sai dai ki gane a halinsa: rigima ba dalili, ƙin abinci, amai, ko barcin da ba na al'ada ba. Maganin wannan shi ne saukowa nan take. Idan kuma akwai mai ciwon sikila a cikin yaran, ko mai ciwon zuciya ko na huhu, kada ku hau ko kaɗan sai likitansa ya amince, domin ƙarancin iska da sanyi suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila.

Sauran kwanakin ba za su yi miki wuyar cikawa ba. Wurare da yawa da ake zamiya da hunturu suna da ƙaramin keken zamiya na bazara da ke gangarowa a kan dogon ƙarfe, mai birki a hannu, wanda ƙaramin yaro ke hawa tare da babba, kuma sau da yawa shi yara suka fi tunawa. Akwai tafkuna, ko da yake ruwansu na da sanyi, akwai kuma tafiyar ƙafa. A Suwizalan alamar rawaya tana nufin hanya mai sauƙi, fari da ja hanyar tsauni ce mai bukatar takalmi da ƙwarewa, fari da shuɗi kuma ta masu hawan dutse ce, don haka ku tsaya a kan rawaya. Dabara mai kyau ita ce ku hau da motar igiya ku yi tafiya a miƙe tsakanin tasha biyu. Ku fita da wuri, domin hadari da tsawa sukan taso bayan azahar a ranakun zafi. Ku ba shanu tazara, musamman masu 'yan maruƙa, domin sun taɓa kashe masu yawo. Da dare kuma ki duba jikin yaran saboda kaska, wadda ke yawa a ciyawa da dazukan ƙasa, tana kuma ɗauke da cututtuka. Akwai rigakafin ɗaya daga cikinsu, ki tambayi likitan yara tun da makonni kafin tafiya.

Game da kuɗi, sauƙin bazara ba ko'ina yake ba. Zermatt da Grindelwald da Chamonix suna cika maƙil a Yuli da Agusta, yayin da ƙauyukan da aka gina musamman don wasan zamiya sukan rage farashin masauki sosai. Ostiriya tana amfani da yuro kamar Jamus, kuma a kwaruruwanta da yawa ana ba mai masauki katin baƙo da ya haɗa da hawan motar igiya da bas, wanda ga iyali mai mutum biyar ba ƙaramin sauƙi ba ne. Suwizalan kuwa da faranka take ciniki, ta kuma fi tsada, sai dai yaron da bai kai 6 ba kyauta yake hawa jirgin ƙasa, akwai kuma katin da ke ba 'yan 6 zuwa ƙasa da 16 damar tafiya tare da iyayensu. Ku kama gida mai ɗakin girki maimakon otal, ku riƙa fita da guzurinku, domin abincin kan tsauni yana cin aljihu. Ki tabbatar da ranar da motocin igiyar ƙauyen ke fara aikin bazara, tun da da yawa sukan rufe bayan hunturu har cikin watan Yuni, ki kuma tambayi kamfanin inshorarku ko yana biyan ceto da jirgi mai saukar ungulu. Lambar gaggawa ta Turai 112 ce, ta masu ceton sama na Suwizalan 1414, ta masu ceton tsauni na Ostiriya 140. Ki sa babbar 'yarki ta haddace su tare da sunan masaukinku.