An nemi a sa ɗana cikin binciken magani, in yarda?

Tambaya: Likita, ɗana yana da sikila. A asibitin da muke zuwa an nemi mu sa shi cikin wani bincike, aka ba ni takarda da Turanci in sa hannu. Babansa ya ce atafau, bai manta da abin da ya faru a Kano zamanin Pfizer ba. Me ya sa kullum 'ya'yan talakawa ake nema? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Malama, Allah ya ba yaron lafiya. Tsoron maigidanki yana da tushe. A 1996, ana tsaka da annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya musanta, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa mutane suka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003.

Sai dai abin da ya fi damuna a yau shi ne yawancin talakawa ba a ma zuwa inda suke. Bincike yakan tsaya a manyan asibitocin koyarwa. Matar ƙauye da makiyayi a ruga ba sa shiga lissafi, sai a kawo musu maganin da aka auna a jikin wasu.

Ki duba ciwon ɗanki. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan jariran da ake haifa da sikila, amma hanyar kare su daga shanyewar ɓarin jiki daga Amurka ta zo: ƙarin jini kusan kowane wata. Wane mai ƙaramin ƙarfi ne zai jure wannan, ga tsada ga ƙarancin jini? Sai da aka yi bincike a asibitocin Kano da Kaduna, da yardar iyaye irinki, aka tabbatar cewa ƙwayar hydroxyurea, ko da kaɗan ce a kullum, tana rage wannan haɗari ga yaran da awo ya nuna suna cikinsa.

Don haka kada ki sa hannu a kan abin da ba ki gane ba, kada kuma ki gudu. Miƙa miki takardar Turanci kawai kuskure ne babba. Haƙƙinki ne a yi miki bayani da Hausa, a tsanake, ki tafi da takardar gida ku yi shawara. Tun 2007 Najeriya take da ƙa'idojin bincike kan lafiyar ɗan'adam, kuma dole kwamitin sa ido ya amince kafin a fara. Ki ce a nuna miki shaidar amincewar.

Ku koma tare da babansa. Ku tambaya wane magani ne, mece ce illarsa, wa zai ɗauki nauyin jinya idan wani abu ya faru, kuma ko za a dawo a gaya muku sakamakon. In kun ƙi, ko kun shiga daga baya kuka janye, ba wanda yake da ikon rage wa yaron kulawar da ya saba samu. Duk wanda ya ƙosa da tambayoyinku ko yake gaggauta ku, to kada ku ba shi ɗanku.