Almajiri, Tuban Muzuru da Taura Biyu: Amsoshin Masu Karatu

Tambayoyin wannan mako sun zo ne daga Kiristocin ƙasar Katsina, akasari waɗanda ba su daɗe da ba da gaskiya ba.

Wani saurayi daga Ƙofar Ƙaura ya rubuto: "Malam, an yi mini baftisma, Fasto ya ce yanzu ni almajirin Yesu ne. Kalmar ta yi mini nauyi, don almajirin da na sani shi ne yaro mai kwano. Babu wata ce?"

Akwai, ɗana. Akwai ɗalibi. Amma waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, cikinsu har da Dokta Walter Miller na Zariya, almajiri suka ɗauka, kuma ina ganin sun dace. Asalin kalmar Larabci ne, almuhajir, wato wanda ya yi ƙaura. Bara ba ta cikin ma'anarta. Ta shigo ne ta bayan gida, domin yaron da ya bar garinsu ba shi da tukunyar uwarsa a kusa. A garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani bai kamata wannan suna ya ba kowa kunya ba, don manyan malaman da ake taƙama da su duk ta nan suka biyo.

Duba bambancin. Ɗalibi yana zuwa aji, a kaɗa ƙararrawa ya koma gida. Almajiri yana kwana inda malaminsa ya kwana, ya yi masa noma, in malam ya tashi ci-rani ya ɗauki buzu ya bi shi. Karatu yake ɗauka, amma har tafiyar malam da yadda yake amsa gaisuwa sai sun kama shi. Haka Linjila ta nuna mutanen farko: Bitrus da Andarawas sun bar tarunsu a bakin tekun Galili, Matiyu ya tashi daga wurin karɓar haraji. Sannan a tsangaya ba a zama wuri ɗaya. Kolo yakan zama titibiri, titibiri ya zama gardi, wani har ya kai alaramma. Wanda ya shekara goma yana kolo, da magana.

Ka kuma lura da ɗafin da ke wutsiyar kalmar almajiranci, wato "-anci". Shi ne a kasuwanci da wanzanci da dukanci, sana'o'in da ake wayar gari a cikinsu kullum. Luka 9:23 ma da ya yi maganar ɗaukar gicciye, kowace rana ya ce.

Wata uwa daga Malumfashi ta ce: "Maigidana ya tuba ya bar shan burkutu, amma yayansa yana cewa tuban muzuru ne. Mene ne asalin wannan magana?"

Cikakkiyarta ita ce "tuban muzuru, kaza a baki." An kama muzuru a akurki, yana rantsuwa ya daina, ga gashin kaza a leɓensa. Mutanen jiharmu ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, tun da sun ga tubabbun 'yan bindiga da aka yi sulhu da su a 2019, wasu kuma suka koma daji.

Ita tuba daga Larabci take, tushenta komawa ne, mutum ya juyo daga inda ya nufa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne siffar tubabbe. Ƙirarta ɗaya da dafaffe da wankakke, wato abin da aka riga aka gama. Shi ya sa ba na son a yi ta kiran mutum tubabbe shekara da shekaru, kamar labarinsa ya ƙare ranar da ya ɗaga hannu a majami'a. Kiristocin Hausa sun fi cewa mai bi, kuma wannan ta fi, domin mai bi yana kan tafiya. Haka ma bangaskiya: ban gaskiya ce, ba da gaskiya, kamar ban ruwa da ban hannu. Abu ne da mutum yake miƙawa.

Amma Inna, karin maganar ba ta yanke wa maigidanki hukunci ba. Abin da take tambaya kawai, kazar tana bakin ko ba ta nan? Wannan kuwa ke kika fi yayansa sani, ke da kike ganin ko kuɗin cefane yana isowa gida ranar kasuwa. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19, bai tsaya ga kuka ba, ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. In yayan ya ƙara da "hali zanen dutse," a bar shi. Ba a gardama da wannan karin magana da baki, shekaru ne suke amsa ta.

Wani ɗan kasuwa a Daura ya tambaya: "Mai wa'azi ya ce taura biyu ba ta taunuwa, ba a bauta wa Allah da dukiya. Ashe sai na rufe shagona?"

Kada ka rufe, ɗan'uwa. Taura ɗan itace ne mai ƙaton ƙwallo, naman kaɗan ne kuma manne da zare-zare, ɗaya ma cika baki take yi. Masu wa'azi suna son haɗa wannan magana da Matiyu 6:24, inda aka ce ba mai iya bauta wa iyayengiji biyu. Sun yi kusa, amma ba su zama ɗaya ba. Karin maganar tana magana a kan iyawa da haɗama, baki ya yi kaɗan. Ayar kuwa a kan ƙauna take, zai so ɗaya ya ƙi ɗaya. Kalmar da ta fi kama ayar ita ce zuciya biyu, kishiyar zuciya ɗaya. Bahaushe in ya ce "na zauna da kai da zuciya ɗaya," yana nufin ba shi da wani shiri a ɓoye.

Shago ba ubangiji ba ne sai ka mai da shi. Manzo Bulus yana ɗinkin tanti a Koranti yana kuma wa'azi. Taura ta biyu a kasuwa ita ce tauye mudu, da algus, da layar da aka binne a ƙofar shago don jawo ciniki alhali ana zuwa sujada ranar Lahadi. Wannan ta ƙarshen ita tsofaffin masu bi a ƙauyukan Maguzawa na wajen Kafur da Malumfashi suka fi yi wa faɗa, don sun san mutum yakan bar wurin tsafi da ƙafa, tsoronsa kuma ya biyo shi gida.

A taƙaice ga 'yata da ta tambaya ko zumuntar da ake faɗa a ikilisiya, kamar Zumuntar Mata, ita ce zumuncin dangi. Tushensu ɗaya, zumu, wato ɗan'uwa ko aboki na jiki. Ikilisiya ta ari kalmar ne daga gida, ba ta ƙwace ta ba. "Zumunta a ƙafa take" tana aiki ta ɓangaren biyu: ki je taron mata ranar da aka sa, ki kuma je sunan jikar gwaggonki da gaisuwar rasuwa a gidan kawunki, ko da sun ɗaure miki fuska a karon farko.

Tambayar da aka aiko kan bambancin alheri da rahama tana bukatar fili, sai mako mai zuwa.