Kun Tambaya: Me ya sa zamanmu da Kiristoci yake ƙarewa da musu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni ɗalibi ne daga Tudun Wada Kaduna, mun buɗe gurup a WhatsApp da ƴan ajinmu Kiristoci wai don mu fahimci juna, amma wallahi ko sati ba a rufa ba ya koma muƙabala, wannan ya jefo aya wancan ya jefo bidiyo har wasu suka fice. Ina matsalar take?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai kun fara da aƙida ne alhali ko gidajen juna ba ku sani ba. Muƙabala kowa ya zo kayar da ɗan uwansa ne, babu mai saurare, balle a waya inda ba ka ganin idon mutum.

Kuma ba laifinku kaɗai ba ne. Tun rikicin Shari'a na 2000 garinku ya rabe, kogi ya zama iyaka, Musulmi suka tattara Rigasa, Kawo, Tudun Wada, Kiristoci suka yi Sabon Tasha da Narayi da Television, to yaron da aka haifa bayan nan bai taɓa cin tuwon sallah ko shinkafar Kirsimeti a gidan maƙwabci ba, abin da ya sani game da ɗaya ɓangaren a majalisa ya ji ko a bakin ɗan siyasa lokacin kamfen.

Dubi Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, nan Kaduna suke. A rikicin da ya biyo bayan na garin Zangon Kataf a 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da ƴan uwansa biyu. Sun haɗu a 1995 kowa na zargin kowa, kuma cikin abin da ya sanyaya zuciyar Faston har da dubiyar da Ashafa ya je yi wa mahaifiyar Wuye a asibiti. Ba aya aka kayar da shi da ita ba. Daga baya da su aka shirya yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a 2002 wadda shugabannin addini 22 suka sa wa hannu.

Ni dai tarukan manya a otal, a sha lemo a ɗau hoto, ba su cika burge ni ba, ba sa isowa layinku.

Ku dakatar da turo bidiyon wa'azi a gurup ɗin nan tukuna. Waɗanda suka fita ka kira su ɗaya ɗaya, kira fa ba tes ba. In an yi wa wani rasuwa ku hau Keke Napep ku tsallaka gada ku je gaisuwa, ko da a Sabon Tasha ne.