Wasan bidiyo na na'urar hannu da aka ɗauko daga fim, yana da inganci kuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasannin na'urar hannu da ake ginawa a kan finafinai sun cancanci a saya. Gaskiya galibinsu ba su kai ba, kuma babban dalilin gaggawa ce. Kamfani yana biyan kuɗi mai yawa don samun izinin amfani da sunan fim, sannan dole wasan ya shiga kasuwa lokacin da fim ɗin ke tashe. Sai a miƙa aikin ga ƙaramin rukunin masu tsarawa, wani lokaci ma ba su ga fim ɗin a kammale ba. Tsohuwar cuta ce: wasan fim ɗin E.T. na kamfanin wasannin bidiyo Atari a 1982, cikin kusan mako biyar aka haɗa shi.

Ga kuma ƙarancin ƙarfin na'urar. Game Boy Advance, na'urar wasan hannu ta kamfanin Nintendo da ta fito a 2001, ɗigon hoton allonta 240 ne a 160 kacal. Shi ya sa a wancan lokacin labarin fim yakan koma hotuna marasa motsi da rubutu a ƙasa, wasan kuma tsalle da duka ne kawai ana ta maimaitawa. Abin yana ba ni haushi, domin yara aka fi cuta da shi.

Amma akwai nagari. The Two Towers na Game Boy Advance, na 2002, wanda aka ɗauko daga finafinan The Lord of the Rings, bai kwaikwayi na manyan na'urori ba. An gina shi daidai da ƙaramin allo, kana tara makamai kana ƙara wa gwarzonka ƙarfi.

Kafin ka saya, nemi bidiyon ainihin wasan a YouTube, ka kuma tabbatar na na'urarka ne, don suna ɗaya yakan ɓoye wasanni mabambanta.