Motar gida mai mil 19,000: in biya kafin alƙalami ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka da iyali, mun daɗe muna son sayen motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, wadda suke ce wa RV. Na samu Class C (irin mai gado a saman kan direba) ƙirar 2014 a wajen wani dila, mil 19,000 kacal ta yi, ya ce irinta ba ta kwana, in ajiye dala 2,000 kafin Asabar. Ban taɓa saye ba, kuma kuɗin tarin shekaru ne, wallahi ko barci ba na iya yi. In biya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kada ka biya, kuma abin da ya burge ka a motar nan shi ne ya tayar min da hankali.

Kusan duk wanda ya zo gareji wajena da maganar RV da mileji yake farawa, don da haka muka taso, in za a sayi tokumbo a Kano ko Kwatano mita ake fara leƙawa. A ƙaramar mota wannan lissafi yana da ɗan amfani. Amma RV gida ne aka ɗora a kan ƙashin babbar mota, yawancin Class C na wannan shekarar a kan Ford E-350 ko E-450 suke da injin V10, injin da mil 100,000 ba komai ba ne a wajensa in ana canza masa mai. Ba injin ne ke kashe motocin nan ba, ruwa ne. Kuma ruwa bai san mita ba.

Ka lissafa da kanka, motar da ta haura shekara goma da mil 19,000, ko mil 2,000 ba ta yi a shekara ke nan, wato a ajiye take tana shan rana da ruwan sama, in ma a Texas ta zauna ka san irin ranar da ake yi. Yawancin irinta rufinsu roba ne, duk inda aka huda aka sa AC ko taga ko eriya gam aka zuba aka toshe, gam ɗin kuma bushewa yake ya tsage, wanda ke tafiya da motarsa yana hawa ya duba, wanda ya jingine ta a bayan gida ya manta da ita shi ruwa ke yi wa ɓarna a ɓoye. Katakon cikin bango ya jiƙe ya ruɓe, faibar waje ta saki ta kumbura, kai kuma ka shigo ka ji ƙanshin turaren da dila ya fesa ka ce masha Allah kamar sabuwa. A Class C wurin da ya fi cin ruwa shi ne gadon nan da ke saman kan direba. Ka hau, ka ɗaga katifa, ka danna kusurwoyi da yatsa. In ya lotsa, ka sauko ka yi musu sallama.

Haka taya. Za a nuna maka zanenta a ce ko cinyewa bai yi ba, to ina ruwanka da zane? A gefen kowace taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2314 yana nufin mako na 23 a 2014. Michelin da kansu sun ce in taya ta wuce shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a cire ko da kyanta. Taya shida ce a motar, in guda ta fashe a kan babban titin I-10 da yara a baya ba maganar kuɗi ake yi ba kuma. Janareta ma zama ke lalata shi, Onan, kamfanin da ke ƙera irinsa, so yake a riƙa kunna shi duk wata yana ba kayan lantarki wuta, in ba haka ba fetur ya daskare a kafireta.

Abin da ke ba ni haushi, masu “ai ni na san mota” da ake ɗauka rakiya. Mutum ya buɗe bonet, ya saurari inji, ya ce lafiya lau, ko tsani bai taka ba. Shi kuwa dila ba ɗan uwanka ba ne, binciken da ya ce sun yi nasu ne, har kuɗinsa za su saka maka a takarda. In ka ga an rubuta “as is”, ma'anarsa kana fita ƙofa duk abin da ya ɓullo naka ne.

Ka nemi mai duba RV mai zaman kansa, akwai masu shaidar NRVIA, ƙungiyar masu duba RV, kai za ka biya shi ba dila ba, ya zo da na'urar auna danshi, ya gwada gas da firij da famfo. In dole sai ka ajiye wani abu, a rubuta cewa za a mayar maka in binciken bai yi kyau ba. Maganar Asabar kuma rabu da shi, kowane mako akwai Asabar.

Lasisi ba matsala, a Texas sai nauyin mota ya haura fam 26,000 ake neman wani daban, taka ba ta kai ba. Ka turo min hoton rufin da lambobin tayoyin duka shida, har na ciki na baya, don su aka fi ɓoyewa.