Kece raini, kaba, da kayan aro

Wata tela daga Nima, wata unguwa a Accra babban birnin Ghana, ta aiko da tambaya. Ta ce: "Malam, ranar 7 ga Janairun 2025 da aka rantsar da Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang a matsayin mataimakiyar shugaban ƙasa a dandalin Black Star, muna kallo a shago, sai wata ta ce ta yi shiga ta kece raini, wata ta ce a'a, kwalliya dai ta yi. Mene ne bambancin? Kuma kabar da muke ɗinkawa Hausa ce? Sannan mu matan zango idan muka sa kente akwai masu ce mana kayan aro ba ya rufe katara."

To 'yar'uwa, kwalliya ta fi karkata ga fuska da jiki: kwalli, hoda, jan baki, lalle. Ado ya fi ta faɗi, ya haɗa da tufa da sarƙa da ɗaurin kallabi. Kece raini kuwa wani abu ne daban. Kecewa daga keta take, wato yagewa, kuma ba a kece raini sai inda ake tsammanin raini. Amarya a ɗakinta ado take yi. Amma ranar da za ta shiga taron dangin miji, inda aka zuba ido a ga iyakarta, nan ne take shiga ta kece raini. Don haka ina bayan ta farkon. Tun samun 'yanci a 1957 Ghana ba ta taɓa yin mace mataimakiyar shugaban ƙasa ba sai a ranar, ga shugabannin ƙasashe zaune, ga masu cewa kujerar ba ta mata ba ce. Ta fito cikin kente, tufar saƙar hannu da ƙabilun Asante da Ewe suke ji da ita. Tsadar zanen ba ita ta kece rainin ba, zaɓen da aka yi masa ne da wurin da aka sa shi.

Kaba kuwa suna ne ya zo ɗaya. Kabar Hausa ganyen goriba ce da ake saƙa tabarma da ita. Taku riga ce mai kama jiki da ake haɗawa da dogon siket mai tsaga, kuma a bakin mutanen ƙasar nan muka same ta.

Masu jifan ku da karin magana su ne ban yarda da su ba. Katara gefen cinya ce ta waje, kusa da ƙugu. Zanen aro ba a kan jikinki aka auna shi ba, ga shi kina ɗari-ɗari kada ya yage, ga mai shi na iya aiko yaro karɓa tun biki bai watse ba. Maganar tana kan dogaro da abin wani ne. Matar da aka haifa a Nima ko unguwar Aboabo ta Kumasi, ta sayi kente da guminta, wa ta ara wa? Je ki Bonwire kusa da Kumasi ki ga masaƙi zaune, zare a yatsun ƙafa, yana fitar da saƙa siririya da ba ta wuce faɗin tafin hannu ba, a jera a ɗinke ta zama zane. Haka masaƙanmu na Kano suke yin saƙi. A Disamban 2024 ma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa kente cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

In dai kin biya kuɗin zanenki, ki ce musu su nemo wata karin maganar, wannan ba ta hau ba.