Waya ta ce 8.485, littafi ya ce 6√2: wa za a bi?

Tambaya: Malam, ina shirin jarrabawa. Littafina ya ce amsar √6 × √12 ita ce 6√2, amma kalkuletar wayata ta ba ni 8.485281374. Wanne ne daidai?

Amsa: Duka biyun lamba ɗaya ce, 'yar'uwa. Kalkuletar da ke zuwa da yawancin wayoyi ba ta sauƙaƙa tushen murabba'i, ƙiyasinsa kawai take fitarwa, ta yanke inda allo ya ƙare. 6√2 kuwa cikakkiyar amsa ce, babu abin da aka yanke mata, shi ya sa malamai suka fi son ta.

Ga yadda ake kaiwa gare ta. Ki ninka abin da ke ƙarƙashin alamun biyu: 6 sau 12, 72 ke nan, wato √72. Sai ki nemi mafi girma a cikin irin su 4, 9, 16, 25, 36 (lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta) da za ta raba 72 ba saura. 36 ce, domin 36 sau 2 shi ne 72. Tushen 36 shi ne 6, ya fita waje, 2 ta zauna a ciki. Ko da 4 kika fara za ki isa, sai dai za ki sami 2√18, kuma 18 na ɗauke da 9, aiki ya zama biyu.

Amma kul, wannan dokar ta ninkawa ce, ba ta shafi tarawa ba. √9 + √16 bakwai ne, √(9 + 16) kuwa, wato √25, biyar. Nan ɗalibai suka fi zubar da maki.

In kina da kalkuletar Casio irin fx-991ES, maɓallin S⇔D yana juya amsa tsakanin siffofin biyu. A intanet kuma shafin lissafi na WolframAlpha na nuna cikakkiyar amsar. Duba aiki za ki yi da su, ba su yi miki aikin ba.

Tambaya: Na ninka math.sqrt(2) da kansa a Python, sai ga 2.0000000000000004. Kwamfutata ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa. Lambobin √2 ba su da ƙarshe, ita kuwa kwamfuta, bisa tsarin adana lambobi na IEEE 754, bit 64 take ware wa lambar, abin da bai wuce alƙaluma 16 ko 17 ba. Ƙiyasi ta ninka da ƙiyasi, ɗan kuskuren ya leƙo a wutsiya. In 2 cif kake so, ka yi amfani da SymPy, wani kunshin lissafi na Python, shi yana riƙe √2 yadda take.

Tambaya: Yaya ake rubuta alamar √?

Amsa: A Gboard, madannin Google na waya, danna ?123 sannan =\<, tana nan a jerin sama. A Word ka rubuta 221A ka danna Alt da X tare. A Mac, Option da V. Excel kuma ba ya lissafi da alamar, =SQRT(72) za ka rubuta, kuma in lambar ta gaza sifili zai mayar maka da #NUM!.